Hannun da Ya Iya Karyawa

A gidanmu Baba ne ya fara gaya mini cewa reslin ƙarya ne. Ban wuce shekara goma ba a lokacin. Muna zube a kan leda ni da yayyena maza biyu, janareta na ta ƙugi a bayan ɗaki, sai Undertaker ya ɗaga wani ƙato ya juya shi ya dasa kansa a ƙasa. Na ƙwalla ihu na rufe ido. Baba da ke wucewa da buta a hannu ya tsaya ya leƙa talabijin ɗin, ya ce, "Ke dai ba ki da wayo. In da gaske ne ai da tuni an yi masa sutura." Ya wuce alwalarsa. Ranar na kwana ina jin haushinsa, don ya ƙwace mini abin da ban roƙe shi ya taɓa ba.

Duk da haka ban daina kallo ba. Yaya Babba ne ke sayo faya-fayan a kasuwa, ni kuma aikina goge su da gefen zani in sun fara sarƙewa. Abu ɗaya ne ba mu taɓa kallo ba, wato wasan mata. Da an sako su Yaya zai danna ya wuce, in kuwa ya makara Umma za ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce mu kashe mata wannan tsiraicin. Kuma ba ta yi ƙarya ba. A wancan zamanin kamfanin WWE ado yake yi da mata, a ba su 'yan mintuna su ja gashin juna a tashi. Don haka na girma da sanin abu biyu: kokawar Turawa wasa ce, ta mata kuwa ko wasan ba ta kai ba.

Faɗan gaske a wurinmu shi ne na Kawu, ƙanin Umma, wanda ba ya fashin gidan dambe. Shi ɗan Guramada ne na ƙin ƙarawa, kullum cikin musu yake da 'yan Kudu da 'yan Arewa. Daga bakinsa na fara jin cewa ɗan dambe ba ya shiga fage shi kaɗai. Yana da ɓangare, akwai masu ɗaura masa kara a hannu, akwai masu yi masa kirari, akwai kuma waɗanda za su ruga su ɗaga shi in an kashe shi, don a dambe kisa ake kiran faɗuwa. Na ji maganar ta wuce ta bayan kunnena. Sai da na girma ta dawo.

Na shiga jami'a karatun likita ina ɗauke da sunan da aka laƙaba mini tun ina firamare. Dakta. Ban taɓa zuwa ta biyu a aji ba, kuma dangi sun riga sun raba ni: wannan zan duba mata hawan jini, wancan ciwon ƙafa. A ɗakin kwananmu mu huɗu ne, duk aji ɗaya. Akwai babbarmu da muke kira Anti, wadda ta girme mu da shekara uku kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Akwai 'yar Gombe mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano, sai autarmu da ke karatu a kan sallaya har barci ya kwashe ta. Tukunya ɗaya muke ci, risho ɗaya, bokiti biyu.

'Yar Gombe ce ta fara nuna mana Ronda Rousey a waya, a farkon 2015. Bidiyon bai kai tsawon sallama da amsawa ba. Wata mata mai suna Cat Zingano ta rugo da gudu ta kai gwiwa, suka faɗi tare, kafin mu gane wa ke sama wa ke ƙasa Ronda ta lanƙwasa mata hannu ta sallama. Daƙiƙa 14. Muka maimaita shi ya fi sau goma. Wannan ba reslin ba ne, faɗan keji ne na UFC, inda ake haɗa dambe da kokawa da shuri da shaƙa, kuma jinin da ke zuba jini ne.

Daga nan na bi tarihinta kamar yadda nake bin jijiyoyin hannu a littafin anatomi. Mahaifiyarta, AnnMaria De Mars, ita ce ta fara ciyo wa Amurka gasar judo ta duniya a 1984. Ita kuma Ronda ta samo tagulla a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, mace ta farko daga ƙasarsu da ta ci lambar judo a can. A 2011 shugaban UFC, Dana White, ya ce mata ba za su taɓa faɗa a kamfaninsa ba. A watan Fabrairun 2013 sai ga shi ya sa Ronda da Liz Carmouche a matsayin babban wasan dare. Makaminta sananne ne: ta kayar da ke, ta matse hannunki tsakanin cinyoyinta, ta miƙar da gwiwar hannun ta inda Allah bai yi ta ta lanƙwasa ba. Kowa ya san abin da za ta yi, an kuma rasa mai hana ta. Ni da na san sunan kowace jijiya a wannan gaɓar, tsigar jikina har tashi take yi.

Abin da ya fi kama mu shi ne ba ita kaɗai ba ce. Su ma su huɗu ne. Akwai Shayna Baszler, wadda ta shafe fiye da shekara goma tana faɗa a ƙananan fagage tun ba a san mata na wannan sana'a ba. Akwai Jessamyn Duke, doguwa 'yar Kentucky, da Marina Shafir, haifaffiyar Moldova, ƙawar Ronda tun suna 'yan judo. Suna atisaye tare, kuma masoya reslin ne, shi ya sa suka ari sunan wani tsohon gungu na 'yan kokawa, Four Horsemen, wato mahaya huɗu, gungun su Ric Flair da Arn Anderson da Ole Anderson da Tully Blanchard da ya tashe a tsakiyar shekarun 1980. Suka mayar da shi na mata, suka riƙa ɗaga yatsu huɗu a hoto. Wata 'yar Brazil, Bethe Correia, ta doke Jessamyn a 2014 ta ɗaga yatsu huɗu ta naɗe ɗaya. Ta doke Shayna ta naɗe na biyu. A watan Agustan 2015 Ronda ta bi ta har Rio, gaban 'yan ƙasarta, ta kifar da ita a daƙiƙa 34. A ɗakinmu ranar har maƙwabta sai da suka buga mana bango. Muka yi hoto mu ma da yatsu huɗu, sanye da fararen rigunanmu na ɗakin gwaji. Ba a yi musu a kan wace ce Ronda ba. Ni ce.

A watan Nuwamban 2015, a Melbourne ta Ostareliya, gaban mutum fiye da 56,000, Holly Holm ta ƙi yarda a kama ta. Ta yi ta zillewa tana saka naushi, har a turmi na biyu ta ɗaga ƙafar hagu ta sauke a wuyan Ronda. Wadda ta yi faɗa goma sha biyu ba a taɓa kayar da ita ba ta zube kamar an yanke igiya. Da ta koma gida, 'yan jarida suka tare ta a filin jirgi, ta rufe fuskarta da matashi. Mutanen da jiya suke mata kirari suka wayi gari suna yi mata dariya a intanet.

Ba zan ce rana ɗaya abin ya same mu ba, rayuwa ba ta tsara labari da kyau haka. Amma makonni kaɗan ne tsakani aka liƙa sakamakon babbar jarrabawar da ke raba aya da tsakuwa a karatun likita. Na fara duba lambata daga sama, kamar yadda na saba. Na sauko, na sauko. Ƙawayena uku sun haye. Ni an ce in maimaita shekara. Wanda bai taɓa faɗuwa ba bai san yadda ake tashi ba, kuma ni babu wanda ya taɓa koya mini. Na maimaita shekarar ina karatu da tsoro maimakon fahimta, in buɗe littafi in ga baƙaƙe suna yawo. A ƙarshen Disambar 2016 Ronda ta dawo bayan shekara guda tana ɓoye, Amanda Nunes ta gama da ita a daƙiƙa 48. Bayan 'yan watanni ni ma na sake zama, na sake faɗuwa, aka sallame ni daga sashen.

A nan ne na fara nawa reslin ɗin. Ban gaya wa kowa a gida ba. Wata biyar cur ina kwana a ɗakin ƙawayena, waɗanda a lokacin sun koma ɓangaren asibiti. In zan je gida hutun ƙarshen mako sai in ninke farar rigata a saman jaka yadda Umma za ta gani. Baba ya turo kuɗin littattafai in karɓa in yi godiya. Gwaggo ta miƙo mini hannu in auna ta, in auna, in ce ta rage gishiri. 'Yar Gombe da auta suka taya ni. In Yaya ya kira su sai su ce ai Dakta tana ɗakin karatu. Anti ce kaɗai ba ta taɓa buɗe baki ta taya ni ba. Sau biyu tana zaunar da ni tana cewa, "Ki faɗa musu, ko ni in faɗa." Na ɗauka barazana ce kawai.

Wata Asabar ta shiga mota ta tafi garinmu ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta durƙusa gaban Baba ta faɗa masa komai. Washegari da hantsi aka ce ana sallama da ni a ƙofar hostal. Na fito na gan shi tsaye jikin mota, hularsa a hannu. Bai yi faɗa ba, ban kuma taɓa jin abin da ya fi wannan shirun nauyi ba. Ya ce, "Ɗauko kayanki mu je gida, uwarki tana jira." Da na koma ɗaki haɗa kaya Anti na zaune a bakin gadonta. Na ce mata, "Allah ya isa tsakanina da ke." Ba ta ce komai ba, ta tashi ta riƙe mini bakin jaka ina zuba kaya.

Shekarar da ta biyo na koma jami'a a sashen harsuna, na fara rubuta gajerun labarai. Dangi suka ce daga likita an koma tatsuniya. A watan Janairun 2018 kuma sai ga Ronda ta fito a WWE, sanye da baƙar rigar fata ta marigayi Roddy Piper, wanda tun yana raye ya ba ta izinin amfani da laƙabinsa na Rowdy. Masu son faɗan keji suka ce ta gudu daga faɗan gaske ta koma na ƙarya. Na ji maganar har cikin ƙashina, domin irin ta ake faɗa a kaina a gidajen biki.

Shi ya sa na zauna na kalli reslin da idon babba, na kuma gane cewa Baba ya faɗi gaskiya amma rabinta. An san wanda zai ci tun kafin a fito, wannan haka ne. Sai dai faɗuwar ba a ƙirƙira ta. Katako ne a ƙarƙashin shimfiɗar, ana kuma faɗa masa da baya sau da yawa a dare ɗaya, garuruwa daban-daban, mako bayan mako. Bambancin yana wani wuri. A keji aikinki ki ɓoye ciwo ki cutar da abokiyar karawarki. A reslin aikinki ki nuna ciwo har na kujerar ƙarshe ya gani, ki kuma kare wadda kike dukan. In kin ɗaga ta sama, wuyanta amana ne a hannunki. Ga wadda ta taso a judo tun tana yarinya wannan sabon karatu ne gaba ɗaya: hannun da ya iya karyawa sai ya koyi kamawa ba tare da ya karya ba, fuskar da aka hore ta kada ta nuna zafi sai ta koyi yamutsewa. Wanda ya ce wannan sauƙi ne bai taɓa barin abin da ya iya ya koma ɗan koyo a gaban jama'a ba.

Shayna ce ta fi su iya wannan sauyin, wataƙila don ita ta riga ta san faɗuwa. Ta sha kaye fiye da sau goma a keji, ta bar UFC ba ta ci wasa ko ɗaya a can ba. Tun 2015 ta fara reslin a ƙananan zauruka, ta bi layi kamar kowa. A 2017 ta kai wasan ƙarshe na gasar Mae Young Classic, Kairi Sane ta Japan ta doke ta. Daga baya ta riƙe kambun mata na NXT har sau biyu. Ba ta tsalle-tsalle, ba ta neman a so ta. Takan taka gwiwar hannun yarinya a hankali tana kallon jama'a, sai ka manta an shirya. A watan Oktoban 2018, a wasan Evolution da aka ware wa mata zalla, Jessamyn da Marina suka sa hannu daga gefen fage suka taimaka mata ta karɓe kambun daga Kairi. A nan na gane amfanin gungu a reslin. Yana ba wa wadda ba ta gama ƙwarewa ba inuwar da za ta tsaya ta koya, yana ba wa babbar dalilin yin nasara ba tare da an zubar da darajar wadda aka kayar ba, yana kuma tara bashin da wata rana za a biya, domin duk mai kallon reslin ya san ba a kafa gungu sai don ranar da zai watse.

A WWE ma akwai wasu mata huɗu da ake kira da wannan suna na mahaya: Charlotte, 'yar Ric Flair ta cikinsa, da Becky Lynch da Sasha Banks da Bayley. Su ne suka yi wahalar fitar da wasan mata daga zamanin da Umma ke cewa a kashe. An nuna ɓangarorin biyu suna harara a 2017, masoya suka yi ta jiran ranar da huɗu za su kara da huɗu. Ranar ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne WrestleMania ta Afrilun 2019, inda a karon farko mata suka rufe taron, Ronda da Charlotte da Becky, Becky ta yi nasara. Zuwa lokacin jama'a sun juya wa Ronda baya, suna mata ihu a matsayin baƙuwar da ta tsallake layi. Ita ma ba ta iya haɗiye ihun ba, har ta fito daga baya ta kira sana'ar faɗan ƙarya, ta ce masoyan ba su da godiya. Na ji haushinta, amma na gane ciwon. Ni ma na daɗe ina raina ajin da na koma, ina ji a raina cewa ni fa ba nan ne wurina ba. A 2021 kamfanin ya sallami Jessamyn da Marina. Marina ta koma AEW, inda a 2024 ta zama mace tilo a gungun Jon Moxley mai suna Death Riders, a lokacin tana tafe a gefensa ba murmushi, riƙe da jakar da aka kulle kambu a ciki. Wadda aka fi mantawa da ita a cikin huɗun ta samu wurinta a wani gida daban.

Duk tsawon shekarun nan tsakanina da Anti gaisuwa ce kawai. Na je bikinta na zauna a baya. Ta haihu na tura saƙo. 'Yar Gombe ta gaji da sasanta mu ta bari.

A 2023 aka haɗa Ronda da Shayna suka ci kambun mata na 'yan bibbiyu. A watan Yuli, a Landan, ana tsakiyar wasa, Shayna ta zagayo ta bayan Ronda ta shaƙe ta. Labarin da aka tsara shi ne na ƙawar da ta gaji da zama a inuwa: ita ta bi layi, wata ta zo ta same shi a sama. A watan Agusta suka kara a Detroit, a wasan da aka ce za a yi da dokokin keji. Jama'ar wurin ba su ji daɗinsa ba, wasan ya zo musu wani iri, bai zama faɗan gaske ba bai kuma zama reslin ɗin da suka biya kuɗi su gani ba. Ni kuwa ina zaune a kan gado da waya a hannu, sai da na kalli ƙarshensa sau uku. Shayna ta naɗe mata wuya ta baya, Ronda ba ta sallama ba har jikinta ya saki. Wannan ne wasanta na ƙarshe a WWE. Al'ada ce a wannan sana'a mai tafiya ya faɗi a wasansa na ƙarshe, ya bar wa wani darajar. Cikin duk matan kamfanin, wadda ta miƙa wa wuyanta ita ce wadda suka fito tare.

Na san kwatancen bai cika ba. Ronda ta yarda aka kayar da ita, ni ba a tambaye ni ba. Har yau ina ganin da Anti ta ƙara mini mako ɗaya wataƙila da na faɗa da bakina. Wataƙila kuma da har yanzu ina ninke farar riga a saman jaka. Abin da na kasa kawar da kai daga gare shi shi ne, a cikin mu huɗu ita kaɗai ta yarda ta zama muguwar labarin. Sauran biyun sun so ni, suka taya ni ƙarya. Ita ta shiga mota ta yi tafiyar awa huɗu, ta durƙusa gaban mahaifin wata, ta kuma zaɓi kalmomin da ta faɗa masa. Sai bayan shekaru Umma ta gaya mini cewa Anti ba ta ce na faɗi jarrabawa ba da farko. Cewa ta yi, "Baba, 'yarku ba ta da lafiya a zuci, ku je ku ɗauko ta." Shi ya sa ya zo da hula a hannu maimakon faɗa a baki. Ta kayar da ni, amma ta tallafe mini kai kafin in kai ƙasa. Maganar Kawu ta dawo mini a daren: akwai masu kirari, akwai kuma masu rugowa su ɗaga ka.

Na kira ta da safe. Tana bakin aiki, ina jin hayaniyar asibiti a bayanta. Na yi ta kame-kame, na tambayi yara, na tambayi maigida. Ta ce, "Dakta, lafiya dai?" Ita kaɗai ta rage tana kirana da sunan, kuma a bakinta bai taɓa zama gori ba. Na ce mata na janye Allah ya isan da na yi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai ban taɓa karɓa ba balle ki janye. Ina da marasa lafiya a layi, ki kira ni bayan isha'i."

Hoton nan na yatsu huɗu yana nan a tsohuwar wayata. Uku daga cikinmu likitoci ne yanzu, a garuruwa uku, kuma tun ranar da Baba ya zo ɗaukata ba mu sake haɗuwa mu huɗu a ɗaki ɗaya ba. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ni nake karanta masa labaraina in na je gida. Rannan na gama karanta masa wani, ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya tambaye ni ko da gaske abin ya faru. Na ce a'a Baba, ni na tsara. Ya gyaɗa kai ya ce, "To amma yarinyar nan ta ba ni tausayi. Ƙara karanta mini wurin da ubanta ya zo."